Ranar da Banki Ya Yi Mini Ta'aziyyar Kaina

Na yi shekaru a Riyad, kuma yawancin abin da ya faru a cikinsu ya fara dushewa a kaina. Sunayen tituna suna ɓace mini, fuskokin waɗanda muka yi aiki tare sun soma cakuɗewa. Amma akwai abu guda da na san ko tsufa ya kwashe mini komai zai bar mini shi: ranar da wani ma'aikacin banki ya miƙe tsaye, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mini ta'aziyyar rasuwata.

A lokacin ina aikin kula da sito a wani kamfani da ke sayar da na'urorin sanyaya ɗaki, yana kuma kafa su a sababbin gine-gine. Iyalina suna Zariya. Ni kuwa ina Ulaisha, a wani tsohon bene, muna zaune tare da wani dattijo mutumin Maraɗi, tela ne mai shago kusa da Batha. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Baba nake ce masa. Albashina ba na alfahari ba ne, amma ya kai inda banki zai yi wa mutum murmushi.

Wata rana wani saurayi daga banki ya zo ya kafa tebur a bakin ofishinmu yana tallar katin bashi, katin nan da za ka ci kuɗi da shi yau ka biya daga baya. Ina da gini a gida da ya tsaya a rufi, damina kuma ta matso, sai na karɓa. Yana cikin cike takardu ya ce akwai inshora da ke tafiya da katin, ɗan abu kaɗan za a riƙa cirewa duk wata. In mutum ya rasu, ko ya nakasa, ko aka sallame shi daga aiki ba da laifinsa ba, inshorar ce za ta ɗauki biyan bashin. Na ce ai wannan abin kirki ne. Da ya nemi lambar waya na ba shi ta layin da kamfani ya ba ni, don shi ne kullum a aljihuna. Na zari kuɗi na aika gida, aka sayi kwano da katako, aka rufe gini. Duk wata ana cire na bashi, ana cire na inshora, ban taɓa tsallake biya ba.

Sai harkar gine-gine ta yi sanyi. Kwangiloli suka tsaya, kaya suka yi ta ƙura a sito. Wata safiya manajanmu, wani ɗan Masar mai yawan shan shayi wanda muke kira mudir, ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina bai yi dogon bayani ba. An rage ma'aikata, ina ciki. Ya karɓi makullin sito, ya karɓi layin waya. Sannan ya yi mini alheri irin wanda sai wanda ya zauna a ƙasar yake sanin girmansa.

"Ba zan cire sunanka daga kamfani ba," in ji shi. "Ka ci gaba da zama da iƙamarka har ka sami wanda zai karɓi kafalarka. Albashi dai babu."

Iƙama ita ce takardar zama, kuma a ɗaure take da wanda kake yi wa aiki, wannan ɗaurin shi ake kira kafala. In ya cire sunanka, sai haɗa kaya. Na yi masa godiya har da dafa ƙirji.

Ina tuna yadda na fito ranar. Mutane sun yi jugum a harabar kamfani, wani ɗan Sudan yana share hawaye da gefen rawani, ni kuwa ina bi ina ba su haƙuri kamar wanda abin bai shafa ba. Ina da inshora. Har na ce wa wani, "Ka ga amfanin yin tanadi." Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta kama ni ni kaɗai.

Washegari na sa farar jallabiya na tafi reshen bankin da ke Nasiriya, da takardar sallamata a hannu. Wanda na samu yaro ne mai ladabi. Ya karanta takardar, ya buga lambar iƙamata, ya daɗe yana kallon kwamfuta.

"Amma kana aiki," ya ce.

"An sallame ni. Ga takarda."

"Takarda ta ce an sallame ka. Nizam ya ce kana aiki." Nizam shi ne abin da suke kiran tsarin da ke cikin kwamfutar, kuma a watannin da suka biyo baya na ji wannan kalma fiye da yadda na ji sunana.

Na yi masa bayanin alherin da mudir ya yi mini. Ya gyaɗa kai, ya ce mutumin kirki ne, amma inshora ba ta biya sai nizam ya nuna ba ka ƙarƙashin kowa. Na tambaye shi yadda za a yi nizam ya nuna haka. Ya ce sai kamfani ya buga mini fitar ƙarshe, ta barin ƙasa gaba ɗaya.

"To in an buga mini, za su biya?"

"Inshorar tana biyan mazauna ƙasa ne."

"In na bar ƙasa fa?"

"Ba a barin ƙasa da bashin banki."

Na juya maganar, ina neman ƙofar da na tsallake. Babu. In ina nan, ina aiki. In ba na aiki, ba na nan. Kuma ba zan iya tafiya ba. Ya buɗe mini fayil na neman haƙƙi duk da haka, ya ce a bar shi a buɗe, ko Allah zai sa wani abu ya canja.

Abin da ya canja shi ne ƙarshen wata ya zo. Na je na duba, na ga an cire kuɗin inshora kamar kullum. Tunda babu albashi, a kan bashin aka ɗora shi, shi ma ya fara haihuwa. Wato ina cin bashi domin in biya inshorar da aka yi don ta biya mini bashi ranar da na rasa aiki, ga shi na rasa aikin. Na koma Nasiriya na ce to na yafe, a soke inshorar kawai. Yaron ya ce ba a sokewa a reshe, sai ta waya, kuma sai da lambar da aka yi rajista da ita. Na ce lambar ta kamfani ce, sun karɓe. Ya ce a canja lamba, abu ne mai sauƙi: za su tura lambar sirri zuwa tsohon layin, in karanto musu.

Haka na fita na tsaya a inuwar wani kantin magani na kira tsohuwar lambata. Baƙon abu ne mutum ya kira kansa wani ya ɗauka. Wanda ya ɗauka direba ne, ɗan Nepal, da ke kai kayan kamfani gidaje da motar ɗaukar kaya. Larabcinsa irin na kan titi ne, kalmomi kaɗan da yake juya su su yi masa komai, nawa ma bai fi nasa da yawa ba. Muka dai fahimci juna. Ya ce in same shi a Suwaidi, yana sauke kaya.

Ɗan ƙaramin mutum ne mai fara'a, kowa sadik yake ce masa, wato aboki. Bai iya tsayawa jirana ba, don ana bin sawun motar daga ofis, saboda haka na shiga gaba na zauna kusa da shi, na kira banki da wayarsa muna tafe. Aka sa mini kiɗa. Muka isa gida na farko ana kiɗa. Ya fita zai ɗauki na'ura shi kaɗai zuwa hawa na uku, ga zafin rana irin na Riyad da ke sa kwalta ta yi laushi. Ban iya zama ina kallonsa ba. Na maƙale waya a kafaɗa na kama gefe guda. Haka muka yini. Ni da aka sallama saboda babu aiki, ga ni ina yi wa kamfanin dako kyauta, da farar jallabiya, kiɗan banki yana tashi a kunnena.

Da mutum ya ɗauka daga ƙarshe, mace ce mai sanyin murya. Ta tabbatar ni ne, ta duba, ta ce ba za a iya soke inshora ba muddin akwai fayil na neman haƙƙi a buɗe. Ba a kuma taɓa lambar waya sai an rufe shi. Na ce a rufe. Ta ce a reshe ake rufewa. Da na koma reshe, suka ce ba a rufe fayil sai takardunsa sun cika, kuma takardar da ta rage ita ce shaidar cewa ba na aiki.

Watanni suka yi ta tafiya a haka. Da safe in fita neman aiki, in na sami sarari in leƙa banki. Baba ne ke ciyar da ni, bai taɓa nuna mini a fuska ba. In ya dawo daga shago ya tarar da ni zaune da takardu sai ya ce, "Yau me nizam ya ce?" Ya mai da shi kamar wani maƙwabcinmu mai wuyar hali.

Abin da ban sani ba shi ne, tunda biya ya tsaya, masu karɓar bashi na banki sun fara kira. Kuma ɗan Nepal suke kira. Safe da yamma, yana tuƙi, yana cin abinci, yana kan tsani. Ya yi ta ce musu sadik ba ya nan, ba su daina ba. Rannan ya gaji, ya tattara duk Larabcin da yake da shi ya ce wa mai kiran, "Sadik khalas. Rah. Ma fi yiji." Nufinsa na gama da kamfani, na tafi, ba zan dawo ba. Mai kiran ya ce, "Allah yarhamu?" wato Allah ya ji ƙansa. Shi kuwa bawan Allah zaman ƙasar ya koya masa cewa duk maganar da aka sa sunan Allah a ciki, amin ake cewa. Ya ce amin. Daga ranar kira ya tsaya, ya ji daɗi ƙwarai. Duk wannan daga baya na ji shi.

Ni dai na shiga reshen Nasiriya wata ranar Talata kamar yadda na saba. Yaron da na sani ba ya nan, wani ne a kujerarsa, mai ɗan gemu. Na miƙa masa iƙama. Ya buga lamba, ya kalli kwamfuta, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya miƙe, ya zagayo, ya kama hannuna.

"Allah ya ƙara muku lada, ya ba ku haƙuri," ya ce. "Dukkanmu can za mu."

Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kuma abin da ya fara zuwa mini ke nan. Ban tsaya tunanin ta yaya banki a Riyad zai riga ni jin labarin Zariya ba. Na zauna. Ya sa aka kawo mini gahawa da dabino.

"Yaushe?" na ce.

Ya duba kwamfuta ya ce an sanar da su makon da ya wuce. Sannan a hankali ya tambaye ni, "Kai ɗan'uwansa ne?"

"Ɗan'uwan wa?"

Ya karanto mini sunana, da na mahaifina, da na kakana.

Abin da na fara ji daɗi ne, don tsohuwa tana nan. Har na kai dabino baki. Sai da na tauna sannan maganar ta iso ni.

"Ni ne," na ce. "Ni ne wannan."

Ya ɗauki iƙamar, ya kalli hoton, ya kalle ni. "Kuna kama sosai," in ji shi.

Sai da na ba shi labarin fayil, da layi, da ranar da na karɓi kati, sannan ya yarda. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake ba ni hannu, wannan karon na murna. Na ce to a gyara. Ya koma kujera ya yi ta danne-danne, sannan ya ɗago cikin jin nauyi. Asusun yana ƙarƙashin sanarwar rasuwa. Ba shi da izinin yin magana a kansa da kowa sai magada.

"Ga ni a gabanka."

"Na gan ka, wallahi na gan ka. Amma kai ba magaji ba ne."

Na tambaye shi me ake kawowa a cire sanarwar. Ya ce abin da nizam ke jira takardar shaidar mutuwa ce, da an kawo inshora za ta biya bashin duka. Na ce in babu mutuwar fa? Ya duba ya duba, ya ce bai ga gurbin wannan ba, sai dai a rubuta wa babban ofis. Har na miƙe zan tafi, sai wani abu ya faɗo mini.

"Kuɗin inshora fa? Ai yanzu dai za a daina cirewa."

"A'a," ya ce. "Ana ci gaba da cirewa har sai an tabbatar da rasuwar."

Da na ba Baba labari da yamma, ya yi dariya har ya ajiye cokali. Da ya lafa sai ya gyara zama ya ce, "Yaro, tsaya mu yi tunani. Tun da ka fara zirga-zirgar nan, wannan ce ƙofa ta farko da suka ce in an bi za su biya. Me zai hana ka yi zamanka a mace?"

"Baba, wa zai ba ni takardar mutuwa?"

"Shi ke nan kuma," in ji shi. "Ko mutuwar ma sai da takarda."

Wasa yake yi, kuma da abin ya tsaya a ɗakinmu da wasa zai zama. Amma labari ne mai daɗin bayarwa, Baba kuwa shagonsa majalisa ce. Ya ba masu kawo ɗinki, su ma suka ba wasu. A wani wuri tsakanin Batha da Zariya dariyar ta zube a hanya, abin da ya isa gida shi ne banki ya tabbatar wane ya rasu a Saudiyya.

Ranar da labarin ya isa, ina wurin gwajin aiki a wani kamfanin kayan gyara, an karɓe wayoyinmu a bakin ƙofa, muka yini muna jiran manaja. Matata ta yi ta kira ba a ɗauka. Ƙanena ya tuna yana da tsohuwar lambata, ya kira. Ɗan Nepal ya ji an ambaci sunana, ya ba shi amsar da ya ga tana aiki: "Khalas. Rah." Ƙanena ya yi makarantar Islamiyya, ya san ma'anar khalas.

Da na karɓi wayata bayan la'asar, kiran da aka yi mini ya cika fuskarta. Na kira matata. Ta ɗauka, ina jin hayaniyar mata a bayanta.

"Ni ne," na ce. "Lafiya?"

Na ji numfashinta kawai. Can ta ce, "Malam, kai ne?"

"Ni ne mana."

"Faɗi abin da ka ce in ajiye maka a ƙasan akwati."

Na faɗa. Sai ta fashe da kuka, daga kukan ta wuce faɗa ba tare da ta huta ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. An ɗauko rumfa da kujeru haya. An ɗebo yara daga makaranta. Sannan ta faɗi wadda ta tsayar mini da komai: Hajiya, mahaifiyata, ta yanke jiki ta faɗi da ta ji, tana asibiti.

A nan abin ya daina ba ni dariya. Na zauna a bakin titi, motoci suna wucewa, na jira aka kai wa Hajiya waya a gadon asibiti aka kunna hoto. Ta daɗe tana kallona, an sa mata ƙarin ruwa a hannu. Ta ce in juya gefe. Na juya. Ta ce in yi magana. Na gaishe ta. Sai ta ce, "Ka rame," ta miƙa wayar. Ƙanena ya karɓa, ya yi hamdala, sannan ya ce masu rumfa sun ce ko an yi zaman makoki ko ba a yi ba, kuɗinsu na yini ɗaya yana nan.

Washegari ban ɗauki lambar layi a banki ba. Na wuce kai tsaye ofishin manajan reshe, wani mai furfura a gemu, na ce ba zan fita ba. Ya saurare ni, ya duba kwamfuta, ya ce ya tausaya mini, amma doka ita ce magada kaɗai ke magana a kan asusun.

"To ga magajiya," na ce. Na kira matata, na buɗe murya, na ajiye wayar a kan teburinsa.

Ba ta jin Larabci, shi ba ya jin Hausa, saboda haka ni na zama tafinta tsakanin manajan banki da matar da na mutu na bari. Ya fara da yi mata gaisuwa, na fassara. Ta ce ba gaisuwa ta kawo ta ba.

"Ka gaya masa ni ban yi boko mai zurfi ba," in ji ta, "amma abu biyu ne. In ka mutu, su biya ni. In kana da rai, su biya ka. Su zaɓi ɗaya yau, don ina da baƙi a gida ban san me zan ce musu ba."

Na fassara masa kalma da kalma. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya buɗe fuska ya ce, "Gaya mata tana da gaskiya." Shi ne mutum na farko a bankin nan da na ga ya ɗauki waya ya kira wani mutum maimakon ya tambayi kwamfuta. Ya yi magana mai tsawo da babban ofis, har na ji ya ɗaga murya yana cewa mamacin yana zaune a gabansa yana shan ruwa.

Suka ce za a cire sanarwar, amma sai wanda ya ba da labarin rasuwar ya zo ya janye maganarsa. Na roƙi mudir ya ba ɗan Nepal izinin rabin yini. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, a tsorace, yana zaton kama shi za a yi. Aka zaunar da shi, manaja ya tambaye shi ko ya san wannan mutum, kuma ko yana raye. Ya kalle ni, ya kalli manaja, kamar yana neman inda tarkon yake. Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce, "Sadik fi." Akwai sadik. Aka rubuta, ya sa hannu. Da wannan shaida na dawo duniya.

Manajan bai tsaya nan ba, shi ya nuna mini yadda zan kai ƙara wurin hukumar da ke sa ido a kan bankuna, ya ce in rubuta komai, kada in ji nauyinsa. Na rubuta. Bayan wasu makonni aka kira ni, a sabon layina wannan karon. Binciken ya gano cewa ɓangaren inshorar da ya shafi rasa aiki na 'yan ƙasa ne kawai. Baƙo irina bai taɓa shiga ciki ba, tun ranar farko. Duk zirga-zirgar da na yi ta neman shaidar ba na aiki, ko na kawo ta, ba abin da za ta buɗe.

Na ce to a maido mini da duk abin da aka cire tun farko. Suka ce za a maido na bayan sallama, har da abin da ya haifa, a rage a cikin bashin, a kuma soke inshorar. Na kafin sallama kuwa ba za a maido ba, domin a duk tsawon lokacin ina cikin kariyar rasuwa.

"Ai da ka mutu a lokacin, da mun biya," in ji mai bayanin.

Ban ja ba. Na gaji, kuma a karon farko lissafin ya ragu maimakon ya ƙaru. Kamfanin kayan gyaran nan suka ɗauke ni, albashin bai kai na da ba, mudir ya sa hannu aka mai da kafalata wurinsu. Bashin kati ni na biya shi da gumina, kaɗan-kaɗan, har ya ƙare. Hajiya ta warware, ta yi shekaru bayan haka. Albashina na farko na ɗauki Baba da ɗan Nepal muka je muka ci shinkafa da rago a Suwaidi, inda Baba ya yini yana koya masa wuraren da ba a cewa amin.

Na daɗe ina tunanin abin bayan na dawo gida. Babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda na yi hulɗa da su a bankin nan. Duk sun yi mini ladabi, wani har gahawa ya ba ni. Amma an ɗaure musu hannu yadda mutum zai gan ka a tsaye, ya gaisa da kai, ya kasa rubuta cewa kana da rai. Waɗanda suka riƙe ni a watannin nan, ba wanda na taɓa biya ko riyal ɗaya don ya riƙe ni: tela, da direba, da manajan da ya sallame ni, da mace mai baƙi a tsakar gida. Ban ce kada a yi tanadi ba, ina yi har gobe. Amma tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da alkawarin zai tsaya mini ranar wuya in na riƙa ba shi wani abu duk wata, sai na tambaye shi tun ranar daɗi: irina yana ciki? Kuma in ranar ta zo, wanda zan tarar a kujerar, an ba shi izinin ya yarda da abin da idonsa ya gani?